Ranar da Lawali Ya Ɗora Mu a Kan Ayaba

Tunda kowa a Hay el-Sabi', unguwarmu ta Alƙahira, ya kalli bidiyon nan na daƙiƙa goma sha tara ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma bari in faɗi nawa. Ina da bakin magana, domin ƙafafun nan biyu da kuke gani a sama cikin safa ruwan ƙasa, nawa ne. Ni ce Rahina mai tuwo ta hawa na huɗu, shekarata goma sha ɗaya ina ciyar da ɗalibai a garin nan. Rabin masu kiran bawan Allahn nan "Lawali Ayaba" a yau, shi ya ɗauko su daga filin jirgi suna rungume da jaka suna rawar ɗari, ba su san gabas ba balle yamma. Marasa kunya.

Lawali mutumin Talatar Mafara ne. Ya zo Alƙahira shekara ashirin da biyu da suka wuce da niyyar zama malamin fiƙihu. Shekara biyu ya yi a aji ɗaya. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa karatun in ya shiga ta kunnen dama sai ya fice ta na hagu, amma hanyar da ya bi ko sau ɗaya ce, ta zauna masa daram. Sai ya zamana in an tashi daga makaranta shi ake bi. Daga ɗalibai aka koma 'yan kasuwa masu sarin abaya da jallabiya, sai marasa lafiya, sai tsofaffin da 'ya'yansu ke turowa a duba musu ido. Bai taɓa cewa ya bar karatu ba. Wata rana dai ya waiwaya ya ga shekara bakwai ke nan rabonsa da aji.

Ba shi da mota, ba shi da ko keke. Ofishinsa kujerar roba ce a wani wurin shan shayi a Ainu Shams, sai waya mai fasasshen gilashi. Yana da mata, Zainaba, da 'ya'ya uku, kuma dukkansu da abu ɗaya suke ci, sunansa. Abin da ake faɗa tun daga nan har Gusau har Maraɗi shi ne, in ka bi Lawali ka isa. Shi ma da wannan yake taƙama. "Yaya Rahina, ban taɓa cewa zan kai mutum wuri na kasa kai shi ba." Yakan faɗa sau uku kafin ya gama malmala ɗaya.

Kuma ba ƙarya yake yi ba. Ya san ƙofar jirgin ƙasan metro da za ta tsaya daidai bakin matakala a kowace tasha. An taɓa kawo masa wani tsoho da ya manta sunan asibitin da aka yi masa aiki shekara huɗu baya, abin da ya tuna kawai akwai mai gasa dankali a tsallaken titi. Mota biyu Lawali ya hau da shi, sai ga su a ƙofar asibitin, mai dankalin ma yana nan. Mikrobas kuwa, ƙananan motocin hayan nan farare, ba ya ma buɗe musu baki. Yatsu biyu zai ɗaga sama, direban Hay el-Sabi' ya taka birki.

Yana da dokokinsa, duk wanda ya bi shi sai ya haddace ko ba ya so. Babba shi ke zama gaba. Fasinja ba ya rabuwa da kayansa, in kayan sun yi yawa a saya musu kujera. In babbar mota ta tafi ta bar ka, kada ka tayar da hankalinka, akwai ƙarama. Amma wadda ya fi riƙewa ita ce kada ka taɓa tambayar direba ina za shi. "Kina tambaya kin tona wa kanki asiri baƙuwa ce ke. Ki dubi inda hancin mota ya fuskanta, ki nuna da hannu, in ya gyaɗa kai ki shiga." Ku riƙe wannan, don ita ta jefa ni cikin teku.

Tafiyar kuwa Hajiya Nana Fatima ce ta tayar da ita. Ita ce babbarmu, ta haura sittin, mai sarin abaya. Ta ga hotunan wani tsibiri na Bahar Maliya a waya, farin yashi, ruwa garai-garai kana ganin ƙasansa, sai ta ce shekara talatin tana zuwa Masar, ruwan da ta sani na famfo ne, sai kogin Nilu ta tagar mota. Muka haɗu mu biyar: ita, ni, Husaina mai ɗinki, da wasu mata biyu 'yan Damagaram masu sarin turare. Wa zai kai mu in ba Lawali ba? Na tambaye shi ko ya taɓa ganin teku. Ya ce, "Yaya Rahina, ruwa ma ai hanya ce." Ban lura bai amsa tambayata ba sai daga baya.

Ta ƙasa komai ya tafi daidai. Awa shida a bas zuwa Gardaƙa, garin bakin tekun, kujerunmu a gefen da rana ba ta bugawa, don har wannan ya lissafa. Muka kwana a gidan da ya kama mana. Babban jirgin da ke kai mutane tsibirin ƙarfe tara na safe yake tashi.

Ƙarfe tara da minti arba'in muka isa. Eh, ni na jawo. Sai me? Ni ba na cin abincin masu yawon buɗe ido, ganye da ɗanyen tumatir kamar akuya. Tuwon shinkafa na tuƙa da miyar kuka da man shanu, na cika babbar kulata shuɗiya, kuma tuwo ba a yi masa gaggawa. Muna isa muka hango jirgin can ya yi nisa, kiɗa na tashi. Hajiya ta ce gara haka, dama ta leƙa hotonsa, mutanen ciki duk rabinsu tsirara. Lawali ko a jikinsa. Ya ce, "Babbar ta tafi. Bari in duba ƙarama."

Ya yi ta bin gaɓa yana dubawa irin yadda yake duba tashar mota, har ya tsaya a gaban wata doguwar roba rawaya da aka hura da iska, mai mariƙi shida a jere, ɗaure da igiya a bayan wani ɗan ƙaramin jirgi mai inji. Ayaba suke ce mata, kuma kamarta ke nan sak. Tsibirin ana hango shi daga nan, kamar an kifa faranti a kan ruwa, kuma hancin ayabar shi yake kallo. Lawali ya ƙirga mariƙan, ya ƙirga mu, ya yi murmushi.

Mai jirgin wani dogon Basudane ne, Tarig, da baƙin tabarau. Lawali ya ce, "Ya usɗa!" kamar yadda ake kiran direba a Alƙahira, ya miƙa hannu wajen teku. Tarig ya gyaɗa kai ya ce, "Tamam. Yalla." Shi ke nan cinikin. Sai da ya juyo ya gan mu cikin hijabai da jakunkuna ya cire tabarau.

"Waɗannan ne za su hau?"

"Waɗannan sun hau tuktuk mai taya uku a lungunan Arba wa Nus," in ji Lawali. "Ba abin da za ka nuna musu."

Tarig ya ce a ajiye takalma da jakunkuna. Lawali ya ce fasinjansa ba ya rabuwa da kayansa. Tarig ya nuna kulata ya ce wannan kam ruwa za ta faɗa. Lawali ya juyo gare mu ya ce, "Kada ku damu, duk direban Masar haka yake cewa in ya ga kaya." Ya saya wa kula kujera. Tarig ya ɗaga kafaɗa. Ina jin a ransa cewa ya yi, mutane iri-iri ne, kowa da yadda yake son nishaɗinsa.

To, mariƙi shida, mu shida, ga kula ta bakwai. Lawali ya dubi Husaina, don ita ce ƙaramarmu.

"Ni za a bari saboda tuwo?"

"Sahu na biyu, 'yar'uwa. Yana ajiye mu zai dawo ya ɗauke ki."

"Tuwo ba ya iya jira a rana," na ce mata. "Ke kina iyawa."

Ta harare ni, ta nemi inuwa ta zauna, ta ciro waya.

Aka sa mana rigunan da ke hana nitsewa, masu launin lemo, a kan hijabi, muka koma kamar buhunan albasa. Hajiya a gaba saboda girma. Da farko ta ce ita zaman gefe za ta yi kamar a kan babur, sai da Tarig ya yi ta rantsuwa sannan ta yarda ta raba ƙafa, tana istigfari. Ni a bayanta, sai 'yan Damagaram, sai kula, sai Lawali a ƙarshe rungume da ita kamar kwandasta. Hajiya ta karanta addu'ar tafiya muka ce amin.

Minti biyun farko, wallahi ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Iska, ruwa shuɗi, tsibiri na ƙara girma. Har na ce a raina Lawali ya sake yi. Sai Tarig ya karya hagu.

"Wata hanya zai bi!" Lawali ya ƙwala daga baya. "Su suka san garinsu!"

Sai ya karya dama. Sai na ga gaɓa. Sai na ga Husaina. Muka wuce ta da gudu, muka zagayo, muka sake wuce ta. A karo na uku har ɗaga mana hannu ta yi. Ayaba na tsalle a kan ruwa, haƙorana na haɗuwa, 'yan Damagaram suna salati da Hausa suna zagi da Faransanci. Lawali ya shiga ihu, "Ala gamb, ya usɗa! Ala gamb!" wato a tsaya a gefe, abin da ake cewa in za a sauka daga mikrobas. Gefen me? A tsakiyar teku? Tarig ya waiwayo, ya ga mata huɗu baki buɗe suna kururuwa, ya washe baki ya ƙara wuta. Ashe a wurinsa ihu shi ne alamar kwastoma ya gamsu.

Sai ya juya jirgin lokaci ɗaya kamar an fizge shi, ayaba ta kife da mu. Nan ne bidiyonku ya fara, nan ne kuma ya ƙare.

Ga abin da bidiyon bai nuna ba. Na ɗago kaina, gishiri cike da hancina, hijabi ya rufe mini ido. Abin da na fara ji muryar Lawali ce. Mutumin da bai iya iyo ba, yana kwance rigingine a kan ruwa yana juyawa kamar ƙwarya, ruwa na shiga bakinsa, amma ƙirga yake yi. "Hajiya! Ɗaya. Yaya Rahina! Biyu. Damagaram! Damagaram, ku amsa!" Sai da ya ji huɗu sun cika sannan ya fara neman yadda zai ceci kansa.

Kula kuwa ta buɗe. Na leƙa ƙasa, ruwan garai-garai kamar yadda hoton ya nuna, na ga malmala goma sha takwas suna gangarawa a hankali, miyar kuka ta bazu kamar hayaƙi. Sai ga kifaye, rawaya da shuɗi da masu ratsi, irin waɗanda ban taɓa gani ba, sun rufar wa tuwona. Mutane na biyan kuɗi su ga kifayen nan. Ni na gan su, kuma ni na ciyar da su.

Tarig ya zagayo yana dariya yana tambaya ko a ƙara. Sai da ya ciro Hajiya, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya babu, ya ga idonta, dariyar ta ɗauke. A gaɓa aka yi bayani. Ya ce wasan ke nan, a zagaya da mutane a kifar da su, wanda ba a kifar ba ma yakan yi ƙorafi.

"To ina take zuwa?" in ji Lawali.

"Ba ta zuwa ko'ina."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

"To mutane me suke hawa su yi?"

"Su faɗo."

Shekara goma sha ɗaya na san Lawali, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Abu yana da kujera, yana da direba, ana biya a hau, amma ba ya zuwa ko'ina. Kamar an ce masa akwai masallacin da ba shi da alƙibla.

Husaina tana can tana tuntsira dariya, ta riga ta tura bidiyon. Hajiya ta matse hijabinta ta ce, "Khalas. Lawali, mayar da mu Alƙahira."

Sai ya durƙusa a kan yashi, ruwa na ɗiga daga gemunsa, murfin kula a hannunsa, don shi kaɗai ya tsira. Ya ce, "Hajiya, na ce zan kai ku tsibiri, ban kai ku ba. In muka koma haka, na gama. Ni ba ni da komai sai wannan."

Ni a lokacin na fi kowa jin haushinsa. Amma na dubi tsibirin nan, na tuna da asuba na tashi na ɗora tukunya, na ce wato tuwona ya mutu a banza ke nan? Na ce, "Ni zan sake hawa." Hajiya ta ce na haukace. Na ce mata, "Hajiya, jiƙewa dai mun riga mun jiƙe, kunya mun riga mun sha. Me ya rage?"

Lawali ya miƙe ya je wurin Tarig, ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda ya zo Masar. Ya buɗe baki ya gaya wa direba inda za shi, ya kuma tambaye shi ko zai je. Tarig ya ce jirginsa mutum biyu yake ɗauka, ayaba kuma ba a taɓa zuwa tsibiri da ita ba, abokan aikinsa za su mayar da shi abin dariya. Hajiya ta tako da takalminta ɗaya, ta tsaya a gabansa, ta ce da Larabcinta na kasuwa, "Kai da ka jefa sa'ar uwarka a ruwa, kai ne kake tsoron dariya?" Ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri. "Ma'alish, ya Hagga." Ya je ya kwance igiyar da ta ɗaure jirgin a gaɓa.

Kujerar kula ta zama ta Husaina. Kafin ta hau Hajiya ta karɓe wayarta ta ba Tarig ya kulle a akwatin jirgi. Shi ya sa ba ku ga bidiyo na biyu ba, kuma shi ya sa nake wannan rubutun.

Minti arba'in muka yi. Ayaba na tafiya kamar jaki ɗauke da kaya, miƙe, ba hagu ba dama. Turawa na wuce mu a kan baburan ruwa suna rage gudu suna kallo. Wani ya tafa mana. Hajiya a gaba, kai a ɗage, carbi a hannu, ba ta kalli kowa ba. Duk sanda Tarig ya waiwayo sai Lawali ya nuna masa gaba da murfin kula.

Da hancin ayaba ya taɓa yashi, Lawali ne ya fara dira, ruwa iya gwiwa. Ya tsaya ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya har biyar, ya ce, "Mun iso. Kowa ya duba kayansa." Ba wanda ke da sauran kaya. Amma mun duba.

Tsibirin ba laifi. Yashi ne da rumfuna. Muka yi sallar azahar, muka ci soyayyen kifi da burodi, kuma har yau ina zargin cikin waɗanda suka ci tuwona ne, don na ji ɗanɗanon daddawa. Da yamma muka dawo a babban jirgin mai kiɗa, Hajiya ta ba mutanen ciki baya tun daga tashi har sauka.

Kafin mu iso Alƙahira bidiyon ya riga mu. Ya je Kano, ya je Yamai, har ƙanwata da ke Gusau ta turo mini tana tambaya ko na san matar nan mai safa. Sati uku wayar Lawali ba ta yi ƙara ba. 'Yan kasuwar da ya yi shekaru yana ja musu akwati a kasuwar Ataba suka koma bin taswirar waya, suna ɓata, suna ƙin kiransa. Zainaba ta zo ta zauna a kicin ɗina ta ce kullum yana fita da safe ya je ya zauna a kujerar robar nan, ya ajiye waya a gabansa yana kallo har la'asar. Murfin kular ma wanke shi ya yi ya kawo mini, ya ce in yafe masa, shekara ashirin da biyu wannan ne kaya na farko da ya salwanta a hannunsa.

Ni dai na kafa doka a gidana. Duk wanda ya ce "Lawali Ayaba" ya ajiye mini kwanona ya sauka. Ɗalibai uku na kora a rana ɗaya, ɗaya har da hannu a cikin miya. Ku gaya mini, a cikinku wa ya taɓa kuskure ya durƙusa a gaban mutane ya ce bai gama aikinsa ba? Wa ya taɓa sa ayaba ta je wani wuri?

Talatar da ta wuce yana zaune a falona yana cin tuwo, ba taƙama ko sau ɗaya, sai wayar ta yi ƙara. Hajiya Nana Fatima ce. Yayanta zai sauka da la'asar, za a yi masa aikin ido, a je a ɗauko shi. Wayar tasa tana da ƙara, ina jin komai.

"Hajiya, kafin in amsa," ya ce, "ranar nan na kai ku ko ban kai ku ba?"

"Ka kai mu, Lawali. Ta ƙarƙashin ruwa ka fara bi da mu, amma ka kai mu. Ka tashi, jirgin ƙarfe huɗu ne."

Ya wanke hannu ya bar rabin malmala, abin da bai taɓa yi ba, ya sauka da gudu. Na leƙa ta taga. Ya tsaya a bakin titi ya ɗaga hannu, mikrobas ta taka birki, hancinta na kallon hanyar filin jirgi. Ya kama ƙofa zai shiga, sai ya fasa. Ya zagaya ta wajen direba, ya sunkuya a taga ya tambaye shi ina za shi. Direban ya dube shi sama da ƙasa kamar baƙon da ya sauka jiya, ya ba shi amsa, sannan Lawali ya shiga.